Daga Ɗakin Gaggawa Zuwa Bakin Fili: Nazarin Tafiyar Dakta George Chiampas

Ranar Lahadi 7 ga Oktoba, 2007, mutum kusan 36,000 suka tashi daga dandalin Grant Park da ke birnin Shikago na Amurka domin gudun fanfalaki na kilomita 42. Waɗanda suka yi rajista 45,000 ne, amma wajen 9,000 daga cikinsu ba su fito ba. Oktoba a Shikago wata ne na sanyi-sanyi, shi ya sa ma ake ajiye tseren a cikinsa. A wannan shekarar kuwa rana ta buɗe, gari ya yi gumi, zafi ya kai digiri 31 a ma'aunin Salshiyas. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai ce 31 ai ba zafi ba ne, kuma ga mai zaune a inuwa gaskiyarsa ce. Amma wanda ya shafe awa uku yana gudu a kan kwalta, cikin iska mai danshi da ba ta barin zufa ta bushe, wannan zafin yana iya kai shi lahira.

Da misalin ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe masu shirya tseren suka yanke shawarar tsayar da shi ana tsakiyar gudu, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka fara shi a 1977. Zakarun sun gama tun tuni. Patrick Ivuti na Kenya ya riga Jaouad Gharib na Maroko taka layi da ƙyar, sai da aka duba hoto kafin a tantance, Berhane Adere ta Habasha kuma ta ɗauki na mata. Waɗanda abin ya rutsa da su su ne na baya, malaman makaranta da ma'aikatan ofis da iyaye mata da suka yi watanni suna atisaye don su gama cikin awa huɗu ko biyar. Ɗaruruwa suka buƙaci magani. Motocin asibitin da aka tanada suka yi kaɗan, sai da aka nemo ƙari daga garuruwan da ke kewaye da birnin. 'Yan kwana-kwana suka buɗe famfunan kashe gobara na bakin titi suna fesa wa mutane ruwa, 'yan sanda na bin hanya da lasifika suna cewa a daina gudu a koma tafiya. Wani mutum ɗan shekara 35 ya faɗi bai tashi ba, daga baya binciken gawa ya nuna yana da lahani a ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarsa. Waɗanda suka kai ƙarshe ba su cika 26,000 ba.

Shugaban likitocin tseren a wannan rana shi ne Dakta George Chiampas, kuma shekararsa ta farko ke nan a kan kujerar. Likitan sashen gaggawa ne da ya ƙara ƙwarewa a fannin wasanni. Bayan shekara bakwai hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta naɗa shi babban jami'inta na lafiya. Tafiyarsa ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau, domin tana nuna abin da likitan gaggawa ke zuwa da shi filin wasa wanda sauran likitoci ba lallai su zo da shi ba, tana kuma nuna inda ilimin asibiti yake ƙarewa ya zama dole mutum ya sake zama ɗalibi.

Ƙofar da ake shiga

A Amurka ɗalibi ba ya fita daga makarantar koyon likita ya faɗa likitancin wasanni kai tsaye. Ƙofa biyu ce. Ɗaya ta likitocin ƙashi masu tiyata, waɗanda ke gyara jijiyar gwiwa idan ta tsinke. Ɗayar ta waɗanda ba sa yanka: likita ya gama ƙwarewa a wani babban fanni tukuna, ya ƙara shekara guda ta horo a kan wasanni, ya zauna jarrabawa, a ba shi shaida ta biyu. Likitan iyali yana iya shiga ta nan, haka na yara, da na cututtukan manya, da na gashi da gyaran gaɓoɓi, da na gaggawa. An fara wannan jarrabawa a 1993, kuma har yau likitocin iyali ne suka fi cika ɗakin. 'Yan gaggawa tsiraru ne. Shi kansa fannin nasu yaro ne a cikin fannonin likitanci, sai a 1979 aka amince da shi a matsayin fanni mai cin gashin kansa a ƙasar.

A wannan shekara ta ƙari ne likitan da ya saba da harbin bindiga da haɗarin mota yake koyon duba kafaɗa da gwiwa da hannunsa, da amfani da na'urar hoton sauti wajen kai allura cikin gaɓa, da gane tsagewar ƙashi da yawan gudu ke jawowa tun kafin hoto ya nuna ta, da dokokin ƙwayoyin ƙara kuzari.

Likitocin gaggawa da yawa suna neman wannan hanya ne don su huta. Aikin dare, da ɗaki cike da majinyata da babu gadon kwantar da su, da ganin mutuwa kusan kullum, suna cin mutum, kuma a binciken da ake yi kan gajiyar likitoci a Amurka 'yan gaggawa kan zo a sahun gaba. Babu laifi ga wanda ya nemi sauƙi. Sai dai Chiampas bai ajiye aikin farko ba. Ya ci gaba da duba marasa lafiya a sashen gaggawa na asibitin Northwestern Memorial, yana koyarwa a makarantar likitanci ta Feinberg ta jami'ar Northwestern, ya haɗa da aikin tseren da na ƙungiyar wasan hoki ta Chicago Blackhawks. A ganina wannan shi ne abu mafi muhimmanci a labarinsa. Likitan da ya yi shekara biyar bai zura bututun numfashi a maƙogwaron mutum ba, hannunsa zai yi nauyi ranar da aka buƙace shi, ita kuwa wannan rana a filin wasa ba ta yin sallama.

Cikin tantin magani

A ɗauka an shigo da mutum uku tantin da ke bayan layin ƙarshe, kowanne an riƙo shi ƙafafunsa na jan ƙasa. A ido duk ɗaya suke, sun galabaita, fuska ta yi fari, magana ba ta fita daidai. Amma ciwonsu uku ne daban, kuma maganin wani yana iya halaka wani.

Na farko ya taka layi ne ya tsaya cak. Tsokokin ƙwaurinsa da suka yi awa huɗu suna tura jini sama suka daina aiki lokaci guda, jini ya taru a ƙafafu, jiri ya ɗebe shi. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa sama da ƙirjinsa, a ba shi abin sha, kafin rabin awa zai tashi ya tafi neman iyalinsa. Mafi yawan masu faɗuwa irin wannan ne.

Na biyu yana surutai, yana ture masu riƙe da shi, bai san garin da yake ba. Jikinsa yana iya kasancewa sharkaf da zufa, fatarsa ma ba lallai ta yi zafi a hannu ba. Ma'aunin hammata ko na baki ko na kunne zai yaudari likita a nan, dole sai an auna ta dubura. Idan ya haura digiri 40, ba a jiran komai. A tsoma shi cikin baho cike da ruwa da ƙanƙara har wuya, a ratsa zani ta ƙarƙashin hammatarsa wani ya riƙe ta baya don kada kansa ya nutse, wasu su yi ta juya ruwan, ma'aunin na jikinsa ana karantawa. Sai ya sauko wajen 39 ake fitar da shi. Abin da ake nema shi ne a sauke zafin cikin minti 30, domin bayan haka hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa sun fara lalacewa, jini kuma ya fara rikicewa. Ƙa'idar ita ce a sanyaya tukuna, sannan a kai asibiti. Wannan ya saɓa wa abin da ma'aikacin motar asibiti ya saba, wato ya ɗauki mutum ya ruga da shi, don haka sai an zauna da su an daidaita tun kafin ranar.

Na uku ma a ruɗe yake, yana amai, kansa na sarawa, yatsunsa sun kumbura har zoben hannunsa ya matse shi. Zafin jikinsa daidai ne. Irin wannan yawanci mai gudu a hankali ne da ya yi ta shan ruwa a kowace tasha don tsoron ƙishirwa, har ruwan ya tsinka gishirin jininsa. Ɗigon jini a ƙaramar na'ura zai nuna sinadarin sodiyam ya faɗi ƙasa da 135. Wanda ya gan shi ya ce ai rashin ruwa ne, ya ɗura masa wani ko ya maƙala masa ƙarin ruwa ba tare da awo ba, yana iya sa ƙwaƙwalwarsa ta ƙara kumbura. Idan abin ya yi tsanani, ruwan gishiri mai kauri ake ba shi ta jijiya, ɗan kaɗan. Wani bincike da aka yi a tseren Boston na 2002 ya auna jinin mutum 488 a layin ƙarshe, aka samu kashi 13 cikin 100 gishirinsu ya yi ƙasa, kuma a wannan tseren wata mata 'yar shekara 28 ta rasu da wannan matsala.

Rarrabe irin waɗannan mutane uku cikin mintuna, ba fayil, ba tarihin ciwo, ba wanda ya san su, shi ne abincin likitan gaggawa na yau da kullum. Shi aikinsa ke nan: a kawo masa wanda bai taɓa gani ba, ya fara tambayar kansa wane abu ne zai iya kashe wannan mutumin yanzu, ya kawar da shi, sannan ya waiwayi sauran.

Akwai kuma na huɗu, wanda ba ya isowa tanti. Shi ne mai faɗuwa ana cikin gudu ko ana cikin wasa, ba wanda ya taɓa shi. Wannan zuciya ce ta tsaya har sai an tabbatar ba ita ba ce. Yakan yi 'yar fizge-fizge da wani numfashi mai kama da shaƙuwa, sai mutane su ɗauka farfaɗiya ce, su tsaya yi masa fifita da zuba masa ruwa, alhali kowane minti da ya wuce ba a danna ƙirjinsa ba, ba a kawo na'urar farfaɗo da zuciya ba, damar rayuwarsa tana raguwa da kusan kashi goma cikin ɗari. Wani nazari da aka buga a 2012 ya bi diddigin mutum miliyan 10.9 da suka yi dogon tsere a Amurka daga 2000 zuwa 2010, ya samu 59 da zuciyarsu ta tsaya, 42 suka mutu, kuma abin da ya fi bambanta waɗanda suka rayu shi ne samun wanda ya fara danna musu ƙirji nan take. Duniya ta ga yadda ake yi daidai ranar 12 ga Yuni, 2021 a Kofanhegan, lokacin da Christian Eriksen ya faɗi a wasan Denmark da Finland, aka danna ƙirjinsa aka buga masa na'ura a cikin fili, bayan wata takwas ya dawo taka leda a Brentford. Mu kuma a nan gida mun ga ɗaya fuskar ranar 8 ga Maris, 2020 a Lafiya, inda Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a wasansu da Katsina United, rahotanni suka ce motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Bai rayu ba. Abin yana da ciwo, domin danna ƙirji ba ya buƙatar kuɗi, koya shi kawai ake yi.

Abin da aka gyara bayan 2007

Likitocin da ke tantunan Shikago a 2007 sun san maganin zafi. Inda aka samu tangarɗa shi ne wajen sadarwa da jagoranci. An yanke shawarar tsayar da tsere, amma ta yaya za a isar da ita ga dubban mutane da suka bazu a kan hanya mai tsawon kilomita 42 da ta ratsa unguwanni 29? Wasu sun ji daga bakin ɗan sanda, wasu daga 'yan kallo, wasu suka ɗauka jita-jita ce suka ci gaba da gudu. Masu gudu da dama sun yi ƙorafin cewa sun isa tashoshi sun tarar ruwa ya ƙare, masu shirya tseren kuma suka ce ruwa ya wadata, na gaba ne suka riƙa kwarara shi a ka. Ko wanne ne gaskiya, lissafin da aka yi na ranar sanyi ne, ba a yi na ranar zafi ba. Kuma Shikago ba baƙuwar zafi ba ce, a watan Yulin 1995 tsananin zafi ya kashe mutum sama da 700 a birnin cikin 'yan kwanaki.

A shekarar da ta biyo baya aka shigo da tsarin tutoci masu launi huɗu a duk tashoshin hanya. Kore na nufin yanayi lafiya lau. Rawaya, a rage gudu a kula. Ja, akwai haɗari, a rage sosai a bi umarnin jami'ai, wanda ya ga ba zai iya ba ya haƙura. Baƙi, an tsayar da tsere. Ana koya wa masu gudu ma'anar launukan tun kafin ranar, ana kuma aika musu saƙo a kwanakin da suka gabata cewa ga launin da ake sa rai. Aka ƙara tashoshin ruwa da magani daga 15 zuwa 20. Tsarin mai sauƙi ne, har tseruka da yawa a Amurka suka ɗauke shi.

Babban gyaran kuwa ba a ganinsa daga titi. Chiampas da abokan aikinsa suka ɗauki tseren a matsayin bala'in da aka san ranar zuwansa, suka aro tsarin da hukumomin agaji ke amfani da shi a lokacin gobara ko ambaliya. Masu shirya tsere, da 'yan sanda, da 'yan kwana-kwana, da ofishin kula da gaggawa na birni, da ƙungiyar Red Cross, da masu motocin asibiti, duk a wuri ɗaya suke zama ranar tsere, labari ɗaya suke ji, an kuma rubuta tun da wuri wanda ke da ikon cewa a canja tuta. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Daga baya suka haɗa kai da Farfesa Karen Smilowitz ta sashen injiniyanci na jami'ar Northwestern da ɗalibanta, aka gina manhajar da ke nuna wa masu jagoranci a kan allo inda taron masu gudu ya kai, da yawan gadajen da suka cika a kowane tanti, da yadda zafi ke hawa a sassan hanya. Ma'aikatan lafiya 'yan sa-kai sama da dubu ne ke aiki ƙarƙashin wannan tsari.

Amfanin irin wannan tunani ya fito fili a wani gari daban. Ranar 15 ga Afrilu, 2013 bama-bamai biyu suka tashi kusa da layin ƙarshe na tseren Boston, mutum uku suka mutu, sama da 260 suka jikkata. Tantin da aka kafa don masu targaɗe da ciwon tsoka ya koma wurin tantance masu zubar jini cikin mintuna, kuma duk wanda aka kai asibiti da ransa a ranar ya rayu.

Kada a ɗauka tsarin ya kawar da mutuwa. A 2011 an sake samun wani mai gudu da ya faɗi ya rasu a Shikago, saura 'yan ɗaruruwan mitoci ya kai layi. Idan mutum dubu arba'in suka matsa wa zuciyarsu na awanni, za a samu wadda ke ɗauke da lahanin da ba a sani ba. Abin da shiri ke iya yi shi ne rage mintunan da ke tsakanin faɗuwa da isowar taimako, da hana ranar zafi ta zama rana mai cin mutane da yawa.

Inda ilimin asibiti ya tsaya

A ɗakin gaggawa tambayar likita gajeriya ce: wannan zai kwana asibiti ko zai koma gida? Da ya amsa, ya miƙa shi ga wani, wataƙila ba zai ƙara ganinsa ba har abada. A ƙungiyar wasa kuwa mutanen da yake dubawa sun fi shi lafiya, yana tafiya da su, yana cin abinci da su, tambayar da ake yi masa kullum ita ce yaushe wane zai dawo fili. Majinyacin asibiti yakan ƙara wa ciwonsa gishiri don a kula shi. Ɗan wasa ɓoye nasa yake yi don kada a ajiye shi a benci wani ya gaje wurinsa. Dole likita ya koyi sauraron abin da ba a faɗa ba.

Sannan ga matsalar uban gida. Albashin likitan ƙungiya daga ƙungiya yake fitowa, amma amanar da ke wuyansa ta ɗan wasa ce. Ranar da bukatun biyu suka yi karo, ba littafin da zai cece shi. An ga haka ranar 8 ga Agusta, 2015, lokacin da Dakta Eva Carneiro ta Chelsea ta shiga fili duba Eden Hazard a ƙarshen wasansu da Swansea bayan alƙalin wasa ya yafito ta. José Mourinho ya fusata saboda dole Hazard ya fita na ɗan lokaci alhali an riga an ba golansu jan kati. Aka cire ta daga benci, ta bar ƙungiyar, sai a watan Yunin 2016 aka sasanta a gaban kotun ma'aikata, Chelsea ta ba ta haƙuri a fili. Ta yi abin da dokar aikinta ta ce, kuma ya ci mata kujerarta.

A nan nake ganin likitan da bai saki aikinsa na asibiti ba yana da wata kariya. Wanda ke da wani wurin cin abinci ya fi iya kallon koci ya ce masa wane ba zai koma ba.

Hukumar ƙwallo da batun kai

An naɗa Chiampas babban jami'in lafiya na hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka a ƙarshen 2014, lokacin hedikwatarta tana Shikago. Shekara ce da buguwar kai ta zama abin magana. A gasar cin kofin duniya ta Brazil, Álvaro Pereira na Uruguay ya sume bayan gwiwar Raheem Sterling ta same shi a ka, ya farfaɗo ya ƙi fita, aka bar shi. A wasan ƙarshe Christoph Kramer na Jamus ya yi karo da Ezequiel Garay, ya ci gaba da wasa kusan kwata na awa, har ya je yana tambayar alƙalin wasa Nicola Rizzoli ko wannan ne wasan ƙarshe. Ga duk wanda ya yi aiki a ɗakin gaggawa, mutumin da bai san inda yake ba bayan ya bugu a ka ba abin tattaunawa ba ne. Hoton kai yana iya fitowa lafiya lau, amma ƙwaƙwalwar ta girgiza, kuma bugu na biyu kafin ta warke ya fi na farko haɗari, musamman ga yara.

A watan Agustan wannan shekara wasu iyaye da 'yan wasa suka shigar da ƙara a kotun tarayya a Kalifoniya, ba kuɗi suke nema ba, dokoki suke so a canja. A Nuwamban 2015 hukumar ta sanar da sabon tsari: yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa ba za su sa wa ƙwallo kai ba, ko a atisaye ko a wasa, 'yan 11 zuwa 13 kuma an taƙaita musu yawan yin hakan a atisaye. Aka kuma gyara dokar canji yadda za a iya fitar da yaron da ake zargin ya bugu a duba shi ba tare da ƙungiyarsa ta yi asarar canji ba. Wata guda bayan haka aka ƙaddamar da shirin Recognize to Recover ƙarƙashin jagorancin Chiampas, wanda ya haɗa buguwar kai da tsayawar zuciya da zafi da sauran raunuka a darussan da ake koya wa koci-koci da alƙalan wasa da iyaye.

Gaskiya ita ce ƙarar kotu ce ta tura hukumar, ba nasihar likita kaɗai ba. Wasu masu horarwa sun yi gunaguni cewa yaran za su tashi ba su iya ƙwallon sama ba. Wasu masana kuma sun ce yawancin buguwar ba ƙwallon ce ke jawo ta ba, karon kai da kai ne ko kai da gwiwar hannu lokacin da yara biyu suka yi tsalle tare. Wannan hujja ta ƙarshe, in an duba, goyon bayan dokar take yi, tunda hana sa kai yana hana tsallen. A 2019 binciken jami'ar Glasgow kan tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Scotland sama da 7,600 ya nuna sun ninka sauran jama'a kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. A 2020 Ingila da Scotland da Ireland ta Arewa suka hana ƙananan yara sa kai a atisaye, shekara biyar bayan Amurka. Dokar canji na musamman saboda buguwar kai kuwa sai a 2021 aka fara gwada ta a manyan gasa, ta shiga kundin dokokin ƙwallo a 2024.

Wannan mataki na tafiyar shi ne ya fi nisa da ɗakin gaggawa. Likitan da aka horar ya ceci mutum ɗaya da ke gabansa ya koma rubuta ƙa'idar da kocin sa-kai zai bi a wani ƙauyen Texas inda babu likita ko ɗaya. Dole ƙa'idar ta zama gajeriya yadda wanda bai yi karatun lafiya ba zai riƙe ta: in kana shakka, fitar da yaron, kada ya dawo ranar.

Zafi, har yanzu

Ƙa'idojin zafi na hukumar, waɗanda aka tsara tare da cibiyar Korey Stringer ta jami'ar Connecticut, su ma da launuka suke aiki, daga kore zuwa baƙi. Cibiyar ta ci sunan ɗan wasan Minnesota Vikings, wata ƙungiyar ƙwallon Amurkawa mai kama da zari-ruga, wanda zafi ya kashe a sansanin atisaye a watan Agustan 2001. Ba zafin da ake faɗa a rediyo suke dubawa ba, wani ma'auni ne da ake kira WBGT, wanda ke haɗa zafin iska da danshi da hasken rana da kaɗawar iska ya fitar da lamba ɗaya. An raba ƙasar shiyya uku, saboda yaron Florida ya saba da abin da yaron Minnesota bai saba da shi ba.

A manyan gasa kuwa maganar ba ta mutu ba. Dokar FIFA ta daɗe tana cewa sai WBGT ya haura digiri 32 hutun shan ruwa ke zama dole, kamar yadda aka yi a wasan Holand da Meziko a Fortaleza a 2014. Ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, ta ce a fara hutun daga 26, idan ya wuce 28 a ɗage wasan. A gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi da aka yi a Amurka a 2025 an buga wasanni da tsakar rana, lokacin da ya dace da masu kallo a Turai. 'Yan benci na Borussia Dortmund sun kalli rabin farko na wasansu da Mamelodi Sundowns daga ɗakin canja kaya a Cincinnati don gudun rana, Enzo Fernández na Chelsea kuma ya ce jiri ya ɗebe shi a fili har sai da ya kwanta. A Disamban 2025 FIFA ta sanar da hutun minti uku a tsakiyar kowane rabi a duk wasannin kofin duniya na 2026, ko da zafi ko babu. Wannan ci gaba ne, amma hutun minti uku ba ya sauke zafin jikin da ya riga ya hau, kuma bai amsa bukatar FIFPRO ta a riƙa ɗage wasa idan ma'aunin ya wuce 28 ba.